Taku Ɗari Biyu da Goma

Lahadi, 2 ga wata, bayan azahar

Akif, nas ɗin ɗan asibitin ƙauyenmu, shi ya ba ni wannan littafi. Ya ce duk sanda ƙirjina ya yi wani abu in rubuta rana da lokaci, bayan sati uku in kai masa. Ƙirjina bai yi komai ba. Falha ce ta hango ni zaune a kan dutse wajen awaki ta tayar da hankalin gari, sai ka ce tsoho ba shi da ikon zama a kan dutse. 'Yar da na haifa, yau ita ke jana asibiti kamar ragon layya.

Rubutuna ba kyau, ba sai an gaya mini ba. Ban shiga makaranta ba. Wani magatakarda na 'yan sintirin hamada ne ya koya mini baƙaƙe a bayan kwalin shayi, zamanin da nake bi musu sawu. Shekara talatin da ɗaya ina gabansu a ƙasa, suna bayana a mota. Da suka samo abin nan mai tashi sama da ido a cikinsa, sai suka miƙo mini agogon bango suka ce an gode. Agogon bai kai azumi ba ya tsaya.

To, yau na ga abu. Akif ya sa na tuɓe riga, ya aske mini gashin ƙirji wuri shida ba ko neman izini, ya manna wasu 'yan faifai, ya maƙala mini wasu a wuyan hannu da idon sawu kamar zai yi wa raƙumi dabaibayi. Na ce in akwai wuta a ciki ya faɗa mini in yi shahada. Ya ce ai wutar a jikina take, na'urar saurare kawai take yi. Sai ga takarda ja-ja tana fitowa, da layi a kanta yana hawa yana sauka.

Ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗauke ta hoto da wayarsa, ya ce ta tafi Amman, babban birni, wajen babban likitan zuciya. Na tambaya ko likitan zai zo. A'a. Zai gan ni? A'a. Ya san ubana, ya san abin da nake ci? A'a. Na ce to wannan duba ne, duba kuwa haramun ne.

"Baffa Suwailim," in ji shi, "kai da ake cewa kana kallon ƙasa ka ce taguwa ce mai ciki, mai ita kuma barci yake a kanta, ka taɓa jira ta zo ta gaishe ka tukuna?"

Ɗan birni ne, ga sanƙo, shayinsa kamar ruwan wanki. Na ɗauki rigata na fito.

Lahadi, la'asar

An sake kirana. Likitan ashe mace ce, Lamis sunanta. Muryarta ta fito daga waya, tana magana tana tafiya, ina jin takalminta a kan daɓe. Ta ce ɗayan biyu ne: ko dai zuciyar mutumin nan a dama take, abin da ba a cika gani ba, ko kuma Akif ya maƙala wayar hannun hagu a dama, ta dama a hagu.

"Ba na faɗin suna a kan karatu ɗaya," ta ce. "A sake."

Sanƙon Akif ya yi ja har ƙeya. Aka sake. Zuciyata a hagu take kamar ta kowa. Ta ce tsohuwa ce amma tana kan hanyarta, sai dai jifa-jifa takan jefa ƙafa ɗaya gefe, in rage gahawa. Ba zan rage ba.

Na ce Akif ya gaya mata ɓarayi ma sukan sa takalmi a juye, amma yatsu baya suke watsa yashi ko takalmi ya ce me. Ta aiko da dariya.

Ba na faɗin suna a kan karatu ɗaya. Ban san me ya sa maganar ta biyo ni gida ba.

Talata, 4 ga wata, bayan asuba

Ɗari biyu da talatin da takwas.

Ba ciwo ba ne, Akif, in kana karantawa. Taku ne.

Kowane dare bayan isha'i nakan share lungunmu da reshen dabino, daga can yamma da ƙofata har kusa da masallaci. Saboda kunama da maciji. Da safe duk abin da ya wuce sai ya bar mini labarinsa. Cikin masu wucewa akwai mutumin gidan yamma. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku na ba shi. Ba zan rubuta sunansa ba, shi ma shekara sha tara bai kira nawa ba.

Sawunsa ko a cikin dubu zan fitar. Dama ta fi nutsewa tun da raƙumin babanmu ya taka masa hagu yana yaro, sanda kuma tana sauka duk bayan taku biyu. Daga ƙofarsa zuwa ta masallaci taku ɗari biyu da goma ne, rani da hunturu. Sati biyu ke nan takun yana gajercewa. Yau har ya tsaya sau biyu, a gindin katangar makaranta da kuma wajen tankin ruwa. Ƙafafu a haɗe, sanda ta shige yashi zurfin yatsa uku, yatsun ƙafa sun damƙi takalmi. Mai gaisawa ba haka yake tsayawa ba. Mai gyara rawani ma ba haka ba.

Ba ruwana. Na lura ne kawai.

Alhamis, 6 ga wata, hantsi

Na je awon jini. Ba wanda ya ce in je, amma kujerar asibitin ba haya ake biya ba.

Akif ya buɗe mini littafinsu na koyo, cike da irin layukan nan. Na sa shi ya tsaya a kan ɗaya har na gane. Duk taku ɗaya na zuciya alama uku take bari: ɗan tudu, sai mashi, sai wani tudu babba. Kamar dunduniya da tafin ƙafa da yatsu. Wani layin yana gudu kamar barewa, wani yana ɗingishi, wani kuma kamar an ja buhu. Na ce waye ya fara gano wannan, Badawi ne irinmu na hamada? Ya ce Bature ne. Na ce to lalle ya zauna da Badawi.

Abin da ya ɗaure mini kai, sawu da rana a kwance ake karanta shi, ka sa shi tsakaninka da ita inuwa ta cika ramin. Wannan kuwa inuwa ɓata shi take. Na ga Akif yana ɗaukar hoton takardar wata tsohuwa da inuwar kansa a kai, ya naɗe wajen sunan kada a gani. Na ce ya matsa bakin taga. Ya ce yanzu har aikinsa zan koya masa. Na ce wani ne ya maƙala hagu a dama, ba ni ba.

Juma'a, 7 ga wata, bayan sauka daga masallaci

Liman ya sake hudubar zumunci yana kallon sashen da nake. Yaron da na sani ba wando.

Asabar, 8 ga wata, bayan asuba

Ɗari biyu da hamsin da ɗaya. Tsayuwa uku. A jikin katangar makaranta farar ƙasa ta goge daidai tsayin kafaɗarsa.

Na tambayi Falha, ba don komai ba, ko matan lungu suna cewa wani abu. Ta ajiye gurasa ta dube ni. Ta ce Inna Wadha, matarsa, ta ce ba ya cin abinci, da ya motsa sai zufa, wai ƙwannafi ne. An yi an yi ya je wajen Akif, ya ce gidansa ya gaji da masu karanta alama.

Ta ce, "Baba, zumunta a ƙafa take. Kai kuma ƙafar kawai kake kallo."

Na ce ta je ta duba awaki.

Bari in rubuta, tunda ba mai tuna mini. Ranar da uwar Falha ta rasu ya zo ya zauna kwana uku a tantin makoki bai dube ni ba, gahawata bai taɓa ba. Da ya aurar da 'yarsa, a bakin direban tankin ruwa na ji. Rijiyar da muka haƙa tare ya sa mata murfi da kwaɗo. Ni aka yi wa laifi. An kira ni gaban mutane an ce in duba ƙasa, na duba, na faɗa. Aikina na yi.

Litinin, 10 ga wata, hantsi

Rana na leƙowa na buga wa Akif ƙofa, na jawo shi lungu da silifas. Na ce ɗauki hoton sawun nan, da nan, da nan, ka durƙusa, ka fuskanci rana. Ya ce likitar zuciya ce, ba ta ƙasa ba. Na ce ka tura dai. Ya danna wurin magana ya riƙe mini, na faɗa mata lissafin takun tun daga farko. A ƙarshe na ce ita ma ta lura da ƙafarta ta hagu, tana tausaya mata a kan daɓe.

Ba ta daɗe ba. Ta ce targaɗe ta yi a matakala sati biyu da suka wuce, wa ya gaya mini. Sannan ta ce gaskiya ita ba ta iya karanta yashi ba, sai ta hau tambaya. Hanyar hawa ce? Na ce da ɗan tudu daga tanki. Tsayuwar tana daɗewa? Na ce a da kamar karanta Ƙulhuwallahu, yanzu ta kai Fatiha uku, ana gani daga yadda gefen sawun ke zubewa. Tsayuwar farko tana matsowa kusa da gida? Wannan ban faɗa mata ba, ita ta tambaya. Tana matsowa.

Muryarta ta sauya, takalmin ma ya tsaya.

"Baffa, ciwon da kullum yake zuwa da taku kaɗan fiye da na jiya, shi na fi tsoro. A kwantar da shi a na'urar yau, ba gobe ba. Waye shi a wurinka?"

Na ce maƙwabci.

Akif ya sa riga ya tafi gidan. Ya dawo ya ce an ba shi gahawa, an tambaye shi lafiyar iyayensa, an raka shi har ƙofa.

Talata, 11 ga wata, bayan asuba

Ɗari biyu da sittin da huɗu. Tsayuwa huɗu. Ta farko taku talatin daga ƙofarsa.

Laraba, 12 ga wata, la'asar

Na sa Akif ya tambaye ta ko ta taɓa karanta takarda ba daidai ba. Ya ce ba a yi wa manyan likitoci irin wannan tambaya. Na ce ni ba a ƙarƙashinta nake aiki ba.

Ta amsa. Ta ce ta taɓa, tana sabuwa. Wani mai gasa gurasa ta sallama ta ce iska ce, da gari ya waye ta sake ɗauko takardar ta ga abin da ya wuce mata. Na ce sai me kika yi. Ta ce sai ta kira shi ta ce ta yi kuskure, ya dawo yanzu. Ya zage ta tas, kuma har yau yana gasa gurasa.

Ita da sauƙi. Ba a gaban maza arba'in ta faɗa ba, ba hafsa da ya dafa mata kafaɗa ya ce idon Suwailim ba ya ƙarya. Magana zarar bunu ce.

Ranar nan, shekara sha tara da suka wuce, da la'asar aka kai ni wurin, rana a bayana, mutane sun tattake rabi, kowa yana jira. Raƙuma uku na babban mutum aka sace. Takalmin taya ne mai tsaga a dunduniya, kowa a ƙauyen ya san mai shi. Na faɗi sunan.

Washegari na koma ni kaɗai, rana tana kwance.

Alƙalamin nan ba ya rubutu da kyau.

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Na tura liman. An ba shi gahawa. Na tura Falha da ƙwayoyin da Akif ya bayar, na ce kada ta ce daga ina. Ta dawo da su a hannu, da saƙo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza mayafi, sai da na daka mata tsawa ta faɗa.

"Ya ce in mai share hanya yana da magana, ya san ƙofa."

Mai share hanya. Tun yaushe ya sani? Bayan isha'i nake yi, fitilarsu a kashe. Na ce wa Falha saboda kunama nake yi. Ta ce to kunamar ce ke sa sanda duk bayan taku biyu.

Ni ne babba. Ƙarami ke zuwa.

Juma'a, 14 ga wata, bayan asuba

Babu sawu.

Yashin yana yadda na bar shi. Kyanwa ta wuce, da buzuzu, da liman.

Juma'a, hantsi

Falha ta leƙa. A zaune ya yi salla. Yana nan da ransa.

Ba zan je ba.

Juma'a, bayan magariba

Zan rubuta duka kafin ya bi iska.

Da la'asar na yafa alkyabbata. Taku arba'in ne daga ƙofata zuwa tasa, ban taɓa lissafawa ba sai yau. Falha ta biyo ni ban ce ta biyo ba. Yana zaune a tantin gashin awaki da ke jikin gidan, ya jingina da sirdi, fuskarsa kamar toka. Mutlak. To, na rubuta. Ya tsufa. Sawu ba ya gaya maka gemu ya yi fari.

Na yi sallama, ya amsa don dole ce. Ya jawo buta daga bakin garwashi ya zuba mini da hannunsa, bakin butar yana bugun finjali. Na karɓa na ajiye a ƙasa.

Ya dubi finjalin ya dube ni. Baƙo ba ya ajiye gahawa sai da buƙata, mai gida kuma ba ya barin ta huce a gabansa, ko da maƙiyinsa ne.

"Sha gahawarka," ya ce.

Na ce sai ya kwanta wa na'urar Akif, kuma duk abin da likitar ta ce a yi, a yi.

Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba a shekara saba'in da huɗu. Ya zuba wani finjalin, nasa, ya ajiye kusa da nawa. Mai gida. Na ce ba a yin haka. Ya ce yau an yi.

"Faɗi abin da ka gani, mai bin sawu."

Ban tambaye shi wace rana ba. Ɗansa Za'al yana da shekara ashirin lokacin. Wata takwas ya yi a tsare a kan maganata, da ya fito ya wuce ƙauyen nan a mota bai sauka ba. Yana Dammam, can ƙetaren iyaka, yana tuƙa manyan motoci, 'ya'yansa ba su san yashin nan ba.

Gahawa tana hucewa. Ina jin numfashinsa kamar zuga-zugi mai huda.

"Takalmin Za'al ne," na ce. "Ƙafar da ke ciki ba tasa ba ce. Za'al da gefen dunduniya yake taka ƙasa, irin na babanmu. Wancan da babban yatsa yake tura ta, kuma takalmin ya yi masa yawa."

"Yaushe ka sani?"

"Washegari."

A bayan labule wani abu ya faɗi daga hannun Wadha, ba ta ɗauka ba. Mutlak ya rufe ido har na zaci ciwon ne. Ya ce shi ai ya san ba yaron ba ne, a gefensa ya kwana daren, ya rantse aka ce uba ne. Abin da bai sani ba shekara sha tara shi ne ko ni ma na sani.

Na ce ya sha gahawarsa. Ya ce da saura. Ya ce ya ji labarin wayar da ke kai zuciyar mutum Amman, to ai za ta kai magana Dammam. Wadha ta faɗo lamba daga bayan labule, da ka ta san ta. Falha ta danna ta riƙe mini wayarta a baki. Na ce, Za'al, baffanka ne Suwailim. Na maimaita abin da na faɗa wa ubansa, ban ƙara ba ban rage ba. Ban iya neman gafara da baki ba, ban saba ba. Na ce dai ƙasa ba ta yi ƙarya ba, ni na yi shiru.

Muka sha. Ta yi sanyi kamar ruwan tulu.

Akif ya zo da na'urar a rungume, Juma'a ce amma bai yi ƙorafi ba. Da zai maƙala wayoyin hannu na tsaya a kansa. Ya ce, Baffa, don Allah. Takarda ta fito. Kafin ya ɗauki hoto na gani da idona: ɗan tudu yana nan, mashi yana nan, amma inda babban tudu ya kamata ya tashi, rami ne. Layi huɗu a jere, rami, rami. Na ce wa Akif yatsun sun nutse. Ya kai takardar bakin tanti inda haske yake.

Wannan karon ba saƙo ta aiko ba, kira ta yi. Ta ce babbar jijiyar gaba ta kusa rufewa, a ba shi ƙwayoyin nan ya tauna, kada ya taka ko zuwa ƙofa, ta riga ta yi magana da likitocin asibitin Akaba suna jira. Mutlak ya ce shi da ƙafarsa zai shiga mota. Na ce ka sha gahawa a kan duk abin da ta ce. Ya yi tsaki, ya bari aka ɗauke shi a kujera.

Da za a rufe motar asibitin ya ce, "Yaya, raƙumar nan fara ba ta cin sha'ir in ba a jiƙa ba."

Shi ke nan abin da ya ce.

Asabar, 15 ga wata, azahar

Wadha ta kira Falha. Ta wuyan hannu suka shiga, suka bi jijiya har zuciya, suka sami wurin ya tsuke kamar bakin rijiyar da yashi ya ci, suka buɗe suka sa ɗan ƙarfe ya tokare. Yana farke aka yi, wai har yana kallo a allo. Ta wuyan hannu. Ina so in ga wannan. Wace hanya ce daga hannu zuwa zuciya, kuma da me suke gane mararraba?

Na jiƙa sha'ir.

Lahadi, 16 ga wata, hantsi

Likita Lamis ta aiko a gaya wa mai bin sawu shi ya fara karantawa, ita ta biyu ce. Daɗin baki irin na mutanen Amman. Na sa Akif ya sake kunna mini sau biyu don ban ji sosai ba.

Litinin, 17 ga wata, la'asar

A ƙasan maganar da na aika Dammam akwai 'yan alamu biyu kamar sawun tsuntsu. Jiya toka-toka ne, yau sun zama shuɗi. Falha ta ce ma'anarsa ya ji. Na ce sai me. Ta ce sai in ya ga dama.

Wannan ma sawu ne. Ya zo, ya tsaya, ya juya. Ba dai a ganin inda ya fi nutsewa.

Magana ta zaga gari, Wadha ba ta bar ta ta kwana ba. A masallaci wasu sun daina ce mini Idon Hamada. Wani da na taɓa nemo masa ɗansa a cikin duwatsu bayan kwana biyu ya kau da kai. Shekara talatin da ɗaya, ɓatattu nawa, raƙuma nawa, ba mai lissafa wannan. To, su ƙarata.

Talata, 18 ga wata, hantsi

Ƙirji ya yi tsalle sau biyu ina ɗaga buhu. Ka ga na rubuta, Akif.

Alhamis, 20 ga wata, bayan isha'i

An dawo da shi da azahar. Lungu ya cika da motoci, an yanka tunkiya, ƙamshin shinkafa da miyar busasshen nono har ɗakina. Wadha ta aiko da tire. Tire ba kira ba ne. Ban je ba.

Na ɗauki reshen dabino na ajiye, na sake ɗauka. Tunda ya sani, sharar me? Amma motocin nan sun ɓata lungu, kuma lokacin kunama ya kusa.

Asabar, 22 ga wata, bayan asuba

Babu. Falha ta ce an ce ya fara takawa a tsakar gida tukuna.

Dammam shiru.

Lahadi, 23 ga wata, azahar

Sati uku sun cika. Akif ya ce in kawo littafi. Na ce tsalle biyu ne ranar Talata, ya rubuta a nasa. Ya ce to sauran shafukan fa, ya ga sun yi baƙi. Na ce lissafin awaki ne. Ya sake kwantar da ni, ya tura. Ta ce ina nan yadda nake, ta kuma tambaya ko na rage gahawa. Na ce ta tambayi takardar, tunda ta iya.

Talata, 25 ga wata, bayan asuba

Ɗari biyu da ashirin da shida. Ni ta bayan gidaje nake bi zuwa masallaci, sai da na dawo rana ta leƙo na gani. Takun gajere ne amma daidai, dama tana nutsewa kamar kullum. Katangar makaranta ya wuce ta, tanki ya wuce shi.

Tsayuwa ɗaya. A ƙofata.

Ƙafafu a haɗe, suna fuskantar ƙofar. Gefen sawun ya zube kamar na Fatiha ɗaya. Zuciyata ta jefa ƙafa gefe, na ce ko ɗan ƙarfen ne ya goce. Na durƙusa. Sanda ta taɓa yashi kawai, ba ta shiga ba. Yatsu a shimfiɗe.

Na san abin da nake so ya zama, shi ya sa ban yarda da idona ba. Na kifa kwano a kai, na ce wa Falha duk akuyar da ta zo nan a yanka ta. Sai gobe in rana ta kwanta.

Laraba, 26 ga wata, hantsi

Na ɗaga kwanon. Na duba ta gabas, na zagaya na duba ta yamma. Ba haki ne ya tsayar da shi ba. Na yau ma yana gefen na jiya, ya ɗan fi matsowa.

Na fito da turmin gahawa daga bayan buhuna, rabona da shi tun rasuwar uwar Falha. Ya tsage a baki amma muryarsa tana nan. Na soya, na zuba, na zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya ji daka ya san an ɗora buta, ba sai an aika ba.

Taku arba'in ne. Zai ji.